Gazawar Zuciya: Jinyar da Ake Yi a Gida

Rufa'a gari ne a gabashin kogin Shuɗin Nilu, a jihar Jazira ta ƙasar Sudan. A ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa da yawa. Kakannin wasunsu sun yada zango ne a kan hanyar Makka, wasu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma noman auduga ya kawo su bayan an buɗe gandun Jazira a 1925. A nan za mu duba yadda mai gazawar zuciya zai kula da kansa a irin waɗannan ƙauyuka.

Gazawar zuciya ba tsayawar zuciya ba ce. Zuciyar tana bugawa, amma ba ta tura jini yadda jiki yake bukata. Saboda haka ruwa yakan taru a huhu da ciki da ƙafafu. Mutum ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya, ƙafafunsa su kumbura, ya kasa kwanciya sai ya jingina da matashi biyu ko uku. Hawan jini yana kawo ta. Haka kuma ciwon maƙogwaro na yara da ba a yi wa magani ba yakan lalata ƙofofin zuciya. Wannan ya yawaita a Sudan, shi ya sa ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam kusa da Khartum a 2007, don yin tiyatar zuciya kyauta.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya iso Jazira a watan Disamba na wannan shekara. Asibitoci da dama suka daina aiki, magani ya yi wuyar samu. Wannan ya ƙara nuna cewa yawancin jinyar wannan cuta a gida ake yin ta.

Abu na farko shi ne gishiri, domin yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Gishiri kuwa yana ɓuya a dunƙulen miya, da yajin agashe, da kifin gishiri da ake kira fasih. Kanwa ma, wadda Larabawan Sudan suke kira atrun, danginsa ce. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun ga gazawar zuciya da yawa a cikin masu jego a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilai, amma har yanzu kanwa ba ta dace da mai ciwon zuciya ba.

Na biyu, awon nauyi. Mara lafiya ya hau sikeli kowace safiya kafin ya karya kumallo. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne yake taruwa, ba ƙiba ba ce. Inda babu sikeli, a danna yatsa a ƙwauri. In ya bar rami, akwai ruwa.

Na uku, magani. Kada a daina sha don an ji sauƙi, kuma a nemi wani tun wanda ake da shi bai ƙare ba. Ƙwayar Lasix tana fitar da ruwa ta fitsari, don haka da safe ake shan ta. A guji magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, domin suna riƙe ruwa. Game da azumi da zafin bazara kuwa, a nemi shawarar likita tun da wuri.

Ba a son mara lafiya ya kwanta kawai. Tafiya a hankali zuwa masallaci ko gidan maƙwabci da sanyin safiya tana ƙara masa ƙarfi, tana kuma rage masa kaɗaici. Iyali su ma suna da aiki: uwargida ta ɗebe masa miyarsa kafin ta sa gishiri, ɗa ya riƙa rubuta nauyinsa. Amma in numfashi ya yi wuya alhali yana zaune, ko ƙirji ya yi ciwo, ko ya suma, to ba a jira gari ya waye. Sai asibiti.