Jirgin Ruwa da Mahaɗinsa: Tsakanin Maƙeri da Mai Faci

Mutumin Tudun Wada ta Gusau, ko na Bunguɗu, ba ya ɗaukar kansa ɗan ruwa, ko da yake Gulbin Sakkwato ta ƙofarsa yake wucewa kafin ya isa madatsar Bakolori. Amma duk wanda ya taɓa cin kasuwa a ƙasar Yawuri, ko ya ƙetara gulbi da damina, ya danƙa ransa a hannun wani maƙeri da bai taɓa gani ba. Abin da za a duba a nan shi ne wurin da jirgi yake fara mutuwa, watau mahaɗinsa.

Kwalekwalen gargajiya ba shi da mahaɗi. Gungume guda ake samu, na maɗaci ko kawo, masassaƙi ya rarake shi da gizago. Wannan fasaha daɗaɗɗiya ce ƙwarai: kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta ƙasar Yobe cikin 1987 ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa kuma ya ɗara mita 8. Aibinsa bai wuce tsagewa ba, ita kuwa tsaga a fili take, mai jirgi yana ganinta.

Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, kaya kuma suka ƙaru, sai aka koma ga jirgin katako. Nan ne maganar ta sake. Kafinta yana jera katako, ya buga ƙusa, ya cusa tsumma a tsakani, ya shafe da kwalta. Kowace ƙusa ƙofa ce da ruwa yake nema. Idan katakon ɗanye ne, zai bushe ya ja jikinsa, mahaɗi ya buɗe. Daɗin daɗawa, injin da ake maƙalawa a baya yana girgiza jirgin wuni guda, ƙusa ta yi ta sassautawa cikin ramin da tsatsa ta riga ta ci. In ya fara yoyo, sai a kira mai faci ya lulluɓe wurin da gwangwani. Yoyo ya tsaya, ruɓa kuwa tana ci gaba a ƙarƙashi, ba mai ganinta. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya tashi daga Jihar Neja zuwa Wara, ɗauke da mutane fiye da 100, ya dare a tsakiyar Kwara. Hukuma ta ambaci yawan lodi, kuma gaskiya ne, sai dai lodi ba ya raba jirgi biyu sai ya sami inda ya riga ya yi rauni.

Kada a zaci wannan ciwon talaka ne kaɗai. Turawa suna da jiragen shaƙatawa masu tafiya da iska, waɗanda kamfanoni ke ƙerawa da zaren gilashi, a ɗaure musu ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi don kada su kife. A watan Mayu na 2014 irin wannan ƙarfe ya ɓalle daga jirgin Cheeki Rafiki a Tekun Atlantika, kan hanyarsa daga Antigua zuwa Ingila, mutum huɗu suka halaka. Masu bincike sun gano cewa jirgin ya sha bugun ƙasa a baya, an kuma yi masa gyare-gyare. Suka ce mai yiwuwa ne haƙarƙarin da aka manna a cikinsa ya rabu da gangar jikin, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Bambancin shi ne, can akwai zanen ƙira da lambar jirgi, har mai bincike ya iya bin sawun aikin daga masana'anta zuwa gyara na ƙarshe. A bakin Kwara kuwa jirgi yakan sake hannu sau da yawa, mai shi na yanzu bai san kafintan da ya haɗa shi ba, balle ya san abin da ke ƙarƙashin gwangwanin da ya gada.