Abin Da Ke Sa Tsohuwar Land Rover Ta Tafasa A Hanya

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk wanda ya shiga kasuwar Gudu a Abuja, inda ake sayar da kayan gyaran mota, ko ya leƙa garejin kanikawa na Apo da ke kusa da ita, zai ga tsofaffin Land Rover da Land Cruiser an ɗaga bakinsu. Da yawansu ciwonsu ɗaya ne, wato zafin inji. Abin ya fi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da rana ke ƙuna.

Tun 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila, kuma ba a san ta da raki ba. To, me ke kayar da ita?

Na farko, lagireto. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin ciyawa kan toshe ta daga waje, iska ta kasa ratsawa. Daga ciki kuma ruwan rijiya da ake ɗura mata yakan bar tsatsa da dafi. Ga shi idan mota ta shiga yashi ko taɓo da babbar giya, inji na wahala amma tafiya kaɗan ce, saboda haka fanka kaɗai ke ba da iska. In fambel ya saki, shi ke nan.

Na biyu, murfin lagireto. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yakan matse shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu ba ya wannan aiki, balle tsumma da wasu ke cusawa.

Na uku, tamostat. Wasu kanikawa kan cire shi su yar, wai don ƙasarmu da zafi. Wannan ba magani ba ne. Inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa, ainihin cutar kuwa tana nan.

To 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, masu shirin zuwa gida da Salla, kafin ku kama hanyar Lokoja ku sa a wanke lagireto, a duba tiyo da famfon ruwa, a zuba ruwa mai tsabta da maganin tsatsa.

In allura ta hau ja, direba ya tsaya nan take ya kashe inji. Kada yaron mota ya buɗe murfi sai ta huce, domin tururi yakan sale fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, sai kan silinda ya tsage ko ya lanƙwashe. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, gaskit zai ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, kuɗin murfi ya koma kuɗin sauke inji, iyali kuma su kwana a daji.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.