Kafin Jirgi Ya Iso Daura, Me Za Mu Ɗora Masa?

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogon da zai taso daga Kano, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya dire a Maraɗi. Murnar da aka yi tana bisa hanya. Sai dai tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: ranar da jirgin ya tsaya a Daura, me ƙaramin manominmu zai ɗora masa?

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. Bayan da dogo ya isa Kano a 1911, manoman Arewa sun raja'a ga gyaɗa, ana kwasarta ɗanya zuwa Turai. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai dalar gyaɗa ta zama labari, aka bar manomi da ƙasar da ta gaji.

Manomin Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua ya san haɗarin dogaro da abu guda. Daminarsa gajera ce, ƙasarsa jigawa, don haka yake haɗa gero da wake a gona ɗaya, ya ware wa riɗi gefe, ya turke rago don kasuwar layya. A cikin gida kuma maiɗakinsa tana matse man gyaɗa, tana toya ƙuliƙuli, tana kirɓa fura. Ashe rarraba ƙafa tsohuwar al'ada ce a wurinsa. Abin da ya gagara shi ne ribar ta zauna a hannunsa.

Da kaka bashin taki da hidimar biki kan tilasta masa sayar da hatsi lokacin da ya fi araha, da bazara kuma ya sayo shi da tsada daga hannun wanda ya iya ajiya. Rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya nuna yadda hukunci guda daga Abuja ke iya karya cinikin kasuwar Mai'adua. Janye tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin niƙa, da na dako, da na injin ban ruwa.

A ganina gyara zai fara ne daga rumbu. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa. Alhali buhun nan mai ninki uku, wanda ke shaƙe ƙwaro ba tare da guba ba, zai iya riƙe wake watanni. Ƙungiyar manoma mai wurin ajiya da ɗan jarin rance za ta ceci mambobinta daga faɗuwar kaka.

Na biyu shi ne sarrafawa. Riɗin da aka tsabtace, da man gyaɗan da aka tace aka rufe da rajistar NAFDAC, sun fi ɗanyen kaya daraja nesa ba kusa ba. Mata sun riga sun iya aikin. Inji mai amfani da hasken rana suke buƙata. Nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ya kamata ta shigo, ta ƙera musu injinan da makanikin ƙauye zai iya gyarawa.

Na uku, ruwan madatsun Sabke da Daberam ya isa gonakin talakawa, domin noman rani ya rage wa matasa tafiya cirani.

Ina kira ga gwamnatin jiha, da masarauta, da ƙananan hukumomi biyar na ƙasar Daura, su fara wannan aiki tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka yi sake, jirgin zai fita da riɗinmu ɗanye, ya dawo mana da man girki a jarka, mu saya da kuɗin guminmu.