Logaridim da Farashin Buhun Wake: Yadda "Bisa" Ke Komawa "A Ɗebe"

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinmu gudun lissafi ne ya kawo mu Sashen Hausa. To amma a ganina harshen da ake ciniki da shi a Kasuwar Relief ta Onitsha, garin da Hausawa ke kira Anacha, ba zai gaza ɗaukar logaridim ba. A bakin 'yan kasuwa na koyi Hausa, don haka da farashi zan yi misali.

John Napier, mutumin Sikotilan, shi ya fito da wannan lissafi a 1614, ya kuma ƙera sunan daga kalmomin Girkanci biyu, logos da arithmos, wato gwargwado da lamba. Nau'in da ake rubutawa ln an gina shi ne a kan lambar e, kimanin 2.718. Ƙa'idar da ta shafe mu ita ce:

ln(a/b) = ln a − ln b

Ke nan rabawa ta koma ɗebewa. Haka kuma ninkawa takan koma tarawa.

A ce buhun wake ya tashi daga naira 40,000 zuwa 50,000. Sabon farashi bisa tsoho shi ne 50,000/40,000, wato 5 bisa 4. Saboda haka ln(5/4) = ln 5 − ln 4. Tun da 4 biyu ce sau biyu, ln 4 daidai yake da 2 ln 2. Sai mu sami 1.609 − 1.386 = 0.223. A kula, ɗebewa ake yi. Wanda ya raba 1.609 da 1.386 zai sami 1.161, ya kuwa saki hanya.

Mene ne amfanin wannan wahala? Daga 40,000 zuwa 50,000 ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne, amma idan farashin ya dawo 40,000 ragin kashi 20 ne kawai. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka akwai sauran kashi 5 a wani wuri, har ya zargi yaron shagonsa, alhali ko kwabo bai ɓata ba. Logaridim ba ya kawo wannan ruɗani: ln(4/5) = ln 4 − ln 5 = −0.223. Hawa da sauka duk lamba ɗaya ce, alamar gabanta kawai ta sauya.