Kafin Ka Ɗora Firiza da Dutsen Guga a Kan Inbata

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Wutar kamfanin Kaduna Electric da ke rarraba lantarki a Kebbi kuwa ba ta da alƙawari. Shi ya sa daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, gidaje da shaguna suka rungumi sola da inbata. Da fari buƙatar ba ta wuce ƙwan fitila da fanka da cajin waya ba. Yanzu mai sayar da ƙanƙara da zoɓo na son firizarsa ta kwana tana aiki, uwargida na son guga, maigida na son injin rijiyar burtsatse ya cika tanki. Shawarar da aka fi ji ita ce: "A sayo babbar inbata kawai."

A nan mutane ke yin asara. Inbata ba ta ƙirƙirar wuta, juya ta batir take yi ta koma irin ta gida. Faɗaɗa bakin tulu ba ya ƙara ruwan da ke ciki, sai dai ya sa ya ƙare da wuri.

Batir mai bolt 12 da amfiya 200, wanda aka fi saye, yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda. In na ruwa ne, rabin wannan kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu tun bai tsufa ba. Ke nan abin da ke hannunka wat 1,200 na awa guda ne. Dutsen guga mai wat 1,200 zai lashe shi cikin kimanin awa guda, alhali fanka mai wat 60 za ta kusa awa 20 a kansa. Duk abin da aikinsa dumama abu ne, butar lantarki ko hita ko murhun lantarki, haka yake da ci.

Firiza da injin ruwa nasu halin daban ne. Suna iya cin wuta kaɗan in sun kama aiki, amma a lokacin tashi sukan fizgi ninki uku ko fiye. Shi ya sa inbata ke yin ƙara ta ɗauke da zarar an kunna su. A kula kuma da rubutun kwali: inbata mai kVA 3.5 a mafi yawan lokuta wat 2,800 take bayarwa. Masu arhar nan da wutarsu ba ta fita sumul suna sa injin firiza gurnani da zafi har ya ƙone.

Babban haɗarin yana tsakanin batir da inbata. Kayan da ke cin wat 1,500 suna jan sama da amfiya 125 a tsarin bolt 12. A bolt 24 abin ya ragu da rabi, a bolt 48 ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya sauya inbata ya bar siririyar wayar da aka yi wa fitilu ya ajiye gobara a ɗaki, domin wayar za ta yi zafi, robarta ta narke. Irin wannan nauyi sai waya mai kauri kuma gajera, da fiyus dab da kan batir, da noti a ɗaure tam. In mai haɗa maka ya ce fiyus ɓarnar kuɗi ne, sallame shi ka nemi wani. 

Sai batun caji. Babbar inbata tana zuwa da caja mai ƙarfi, batirin ruwa mai amfiya 200 kuwa kusan amfiya 20 yake so. In aka ɗura masa fiye da kima zai tafasa, ya sha ruwansa, ya fitar da iskar da tartsatsi ɗaya ke iya tayarwa. Kada a kulle shi a ɗakin kwana ko lungun da ba taga. Zafin Maris da Afrilu a nan, da ke haura digiri 40, shi kaɗai ma yana rage wa batir kwana. Ruwan batir tatacce ake ƙara masa, ban da na rijiya ko na leda. Ba a haɗa sabon batir da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa. Na litiyom ya fi jure nauyi, amma sai an saita cajar daidai da shi.

Ka rubuta wat ɗin kowane kaya da awannin da zai yi yana aiki kafin ka je kasuwa, ka nuna wa ƙwararre. A sa makunnin sauya layi, don kada wutarka ta koma kan falwaya ta kama ma'aikacin da ke gyara. Guga da jan ruwa kuma a yi su da hantsi zuwa azahar, lokacin da faifan sola ke ɗaukar nauyin.