Ba Murfi Ke Ƙafar da Rijiya Ba

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya biyo ni gida a Yakasai, kansa babu hula. Yaro ne mai son ado, wanda ko sayen ƙosai ba ya fita sai ya karya zanna bukar ɗinsa, amma ran nan ga shi cikin farar shadda, kai a buɗe, rana tana gasa shi. Na ce, "Kai kuwa ina hularka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na daina sa ta. Sanƙo take jawo mini." Sai ya zaro ta daga aljihu, ya juya cikinta, ya nuna mini 'yan silin gashi da suka maƙale a jikin zaren. Abokansa na majalisa ne suka gaya masa wai hula tana hana gashi shan iska, tana tare jini, zufa kuma tana ruɓar da saiwa. Shekarunsa 26. Na duba goshinsa, lalle gefe da gefe sun fara ja da baya, kuma damuwar da na gani a idonsa ba ta wasa ba ce.

Ban tsaya yi masa gardama a zaure ba. Na ja hannunsa zuwa tsakar gida, bakin rijiyarmu.

Rijiyar nan ta girme ni. Tun ina yaro take da murfi, da na katako ne, da ya ruɓe aka yi mata na ƙarfe. Maƙwabtanmu da katanga ɗaya ta raba mu su ma suna da tasu, kuma maƙeri ɗaya ne ya yi mana murafen. Tasu ta ƙafe shekaru da dama da suka wuce, yanzu wajen 'yan garuwa suke saye, tamu kuwa har gobe guga yana fitowa a cike. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani a gidan nasu ya ɗora wa murfi laifi ba. Ko ƙaramin yaro ya san ruwan rijiya daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, daga idon da mai haƙa ya tarar. Idan idon yana da ƙarfi, rijiya ta rayu. Idan ya mutu, ko a buɗe ka bar ta dare da rana ba za ta kawo ruwa ba, sai dai ƙura da ƙadangaru su faɗa.

Haka gashi yake. Wanda muke gani a waje ba shi da rai, kamar farce yake, shi ya sa wanzami yake bi da aska ya yi maka ƙwal kwabo ba ka ji zafi ba. Ran gashi yana can cikin fata, a saiwa, inda ƙananan jijiyoyin jini suke kai masa abinci da iskar da yake bukata. Daga jini yake sha, ba daga sararin sama ba. Kafin hula ta matse kai har ta tsayar da wannan jini, ciwon kai ya daɗe da sa mai ita ya cire ta.

Gashin da ya gani a cikin hular fa? A saman rijiyarmu akwai reshen darbejiya, kuma duk safiya sai an share ganye daga kan murfin. Ba murfin ne ya kaɗo su ba, faɗuwa suka yi ya tare. Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana tsawo na shekara 2 zuwa 6, sai ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya tsiro a gurbinsa. Lafiyayyen mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum. Wanda ba ya sa hula, nasa suna zuba a kan matashi da tabarma da wurin wanka, ba ya lura. Mai hula kuwa, ita take tara masa su ya gani.

To me yake kashe idon? Abu biyu ne suke haɗuwa, gado da sinadarin mazakuta. A jikin namiji akwai sinadarin testosteron, wanda jiki yake juya wani ɓangarensa zuwa abin da likitoci suke kira DHT. Wanda ya gaji saiwar da ba ta jure DHT, duk lokacin da gashinsa ya faɗi, wanda zai maye gurbinsa sai ya fito ya fi shi siranta da gajarta, har a wayi gari sai ɗan gashi mai laushi kamar na jariri, daga nan sai fata. Duk wanda ya ga yadda rijiya take mutuwa ya san ba rana ɗaya take yi ba. Bana guga ya fito rabi, baɗi ya fito da laka, wata shekara ka ji ya daki ƙasa.

Wannan ba sabon sani ba ne. Likitocin tsohuwar Girka, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun lura cewa babanni ba sa yin sanƙo. Mu ma nan mun san babanni a tarihi, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma ya kafa kasuwar Kurmi, shi ya fara ba su sarautu a fada. A 1942 wani masanin ƙirar jiki ɗan Amurka, James Hamilton, ya bi diddigin maganar. Ya gano cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma da aka ba su testosteron, waɗanda akwai sanƙo a danginsu sai gashinsu ya fara zuba. A 2017 kuma masana a Birtaniya suka duba bayanan maza fiye da 52,000, suka sami wurare sama da 250 a cikin ƙwayoyin gado da suke da hannu a sanƙo. Ɗaya daga cikin mafiya ƙarfinsu ta wajen uwa ɗa namiji yake samunsa. Shi ya sa na tuna wa yaron nan kan kakansa, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda tun kafin ya kai 40 tsakiyar kansa take sheƙi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma hujjar da ta fi gamsar da ni ba a littafi na same ta ba. Ka zauna wajen wanzami ranar Alhamis da yamma, lokacin da dattawa suke zuwa aski saboda Juma'a, ka kalli kawunan da ake cire wa hula. Ina ne hula ta fi kamawa? Bakinta, wato saman kunnuwa da ƙeya, har za ka ga shatinta a fata. To nan ne gashi yake nan daram a kan mai sanƙo, ya zagaye kamar bakin kwarya. Tsakiyar kai kuwa, inda doguwar ƙube ko tangaran ba ta ma taɓawa, nan ne ya share. Da hula ce mai laifi, da abin ya juya. Dalili shi ne saiwar ƙeya da ta gefe ba ta jin DHT. Wani likita a birnin New York, Norman Orentreich, ya nuna a 1959 cewa idan aka ciro gashin ƙeya da saiwarsa aka dasa shi a inda ya yi sanƙo, yana ci gaba da tsirowa. A kan wannan ne aka gina dashen gashin da ake yi yau. An kuma yi wani bincike a Amurka da aka buga a 2013, a kan tagwaye maza 92 masu kama ɗaya, aka ga masu sa hula kullum ba su fi 'yan'uwansu zubar gashi ba, a gefen goshi ma nasu ya ɗan fi tsira.

Ka kuma dubi birnin nan namu. Daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Wambai, daga Mandawari zuwa gindin Dala, wane magidanci ne ba ya sa hula? Mai dara, mai damanga, mai haɓar kada, ga malamai da hakimai da suke ɗora rawani a kanta tun asuba har isha'i. Da maganar 'yan majalisa gaskiya ce, da ba a sami dattijo mai gashi a cikin ganuwa ba. Ga kuma iyayenmu mata da suke wuni da ɗankwali da hijabi, ba sa yin irin sanƙon maza. Abin da yake rikita mutane shi ne lokaci. Shekarun da saurayi yake fara zama da hula, ya yi aure, ya shiga sahun manya, su ne shekarun da sanƙon gado yake fara leƙowa. Wani ma sai da gashin ya fara zuba sannan ya riƙe hula don ya rufe, sai masu kallo su ɗauka ita ta jawo. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce abin da ake ɗorawa a kai ba ya taɓa yin illa ba. Na nuna wa yaron itacen da aka gicciye a bakin rijiyar, inda igiyar guga ta ci shi ta yi kwari mai zurfin yatsa. Igiya ba ta fi itace ƙarfi ba, yawan ja ne a wuri ɗaya shekara da shekaru. Gashi ma idan ana jan sa kullum, saiwar tana gajiya ta mutu. An ga haka a wajen mabiya addinin Sikh na Indiya da suke ɗaure dogon gashi tamau a ƙarƙashin rawani. A wajenmu kuwa mata ne abin ya fi ci. Raina yana ɓaci idan na ga an zaunar da yarinya 'yar shekara 5 ana yi mata kitson Sallah, an ja gashin goshi har fatar ta ɗaga ta yi ƙuraje, tana kuka ana ce mata ado sai da wahala. Da yawa daga cikin matan da gaban goshinsu ya cinye, daga nan abin ya faro. Idan an sassauta da wuri gashin yana dawowa, idan aka daɗe wurin ya zama tabo, shi ke nan.

Sai kuma datti. Ƙazamin guga yana ɓata ruwan rijiya mai kyau. Hular da ta sha zufa da maiƙo wata da watanni ba ta ga mai wanki ba tana ƙara ƙaiƙayi da amosani. Mafi muni shi ne makero, wanda yake cin gashin yara ya bar fili zagayayye mai ɓarɓashi. Yana yaɗuwa ta aron hula da mataji da askar da aka yi wa yara goma aski da ita ba a tsaftace ba, shi ya sa yake yawa a makarantu. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha magani na makonni, kuma idan aka yi sakaci har ya yi ruwa, yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Masu wankin hula suna nan a kowace unguwa, ka gan su sun jera huluna a rana an sa musu sitaci. Kuɗin da za ka ba su bai kai na magani ba.

Akwai kuma zubar gashin da take kamar janyewar ruwa da bazara. Wanda ya tashi daga zazzaɓin taifot, ko mai jego, ko wanda jininsa ya yi ƙasa, bayan wata 2 ko 3 sai ya ga gashi yana zuba da yawa. Wannan idon bai mutu ba, damina yake jira. Da jiki ya murmure yake komawa.

Shi sanƙon gado, abin da likitoci suke da shi kamar yasar rijiya ne, yana amfani ne idan idon yana da sauran rai. Akwai minoksidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da finasterid na sha, a 1997, mai rage DHT. Dukansu sai an dawwama a kai, idan aka bari gashin ya koma zuba, kuma na shan yana da illolin da dole likita ya yi wa mutum bayani, ba a kuma ba mace mai ciki. Man kaɗanya da man kwakwa suna laushin gashi da fata, amma ba sa tayar da saiwar da ta mutu, kome daɗin bakin mai talla da lasifika. Na sha ganin samari suna goga tafarnuwa da abubuwa masu zafi har fatar kai ta saluɓe, kuɗi ya tafi, ciwo ya ƙaru.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanwata ke nan, kuma shi nake gaya wa duk saurayin da ya ajiye hularsa saboda tsoro. Zafin Kano a watan Afrilu yana wuce digiri 40, kuma kan da gashinsa ya fara raguwa shi ya fi bukatar inuwa. Ka ɗauki hularka ka sa, ka zaɓi wadda ba ta matse ka, ka riƙa kai ta wanki, kada ka ba da aronta. Idan zubar ta dame ka, ka je asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ka nemi likitan fata tun gashin yana nan. Ku kuma iyaye mata, don Allah ku ce wa makitsiya ta sassauta hannu a goshin 'ya'yanku.