Ɗanyar citta kafin wuta, zuma sai an kusa saukewa

Daga Nuwamba zuwa Janairu, duk wanda ya biyo hanyar Kachia ya ratsa Zonkwa, ya iso mahaɗar Samaru Kataf ya karkata Kagoro da Kafanchan, ba sai an gaya masa ana haƙar citta ba, hancinsa ma ya ishe shi. An tsattsaga ta an baza a kan fa da tamfol, iskar hunturu tana tsotse ruwanta. Lokacin kuma ya zo daidai da kakar cin nama a yankin: ga Kirsimeti, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga aurarrakin da ake tarawa ƙarshen shekara. A yanka akuya, a yi watandar sa, kaji kuwa ba a ma lissafa su. To amma a 'yan shekarun nan sai ka ga gidan da buhunan citta ke jingine a ɗaki an aiki yaro kanti ya sayo kwalbar sos ɗin babakyu mai tsada, a bulbula wa ɗanyen nama, a ɗora kan garwashi. Kafin a ankara bayan ya yi baƙi ƙirin yana ɗaci, cikin kuma sai mai ƙarfin muƙamuƙi.

Kwalbar ba ta yi laifi ba, aikin da aka ba ta ne ba nata ba. Abin da ke tausasa nama daban yake da abin da ke sa masa sheƙi da zaƙi a baya, kuma kowanne da lokacin shigarsa. Mahautan tukuba sun san wannan a hannu tun kaka da kakanni, ko da ba su taɓa jin sunan sinadari ko ɗaya ba.

Mu fara da dalilin taurin. Bunajin da ya iso mayanka ya yi shekaru yana yawon kiwo, daga Ladduga zuwa duk inda ciyawa ta kira shi. Tsokar da ta sha tafiya tana tara jijiya da farin tantanin nan mai naɗe zaren nama, wanda masana ke kira kolajin, kuma gwargwadon manyantar dabba gwargwadon yadda yake ƙara sarƙewa. Sannan mu da asuba ake yanka, kafin azahar nama ya bar teburin mahauci. 'Yan awanni bayan yanka tsoka takan sandare, ba ta kuma saki sai an kwana biyu. Shi ya sa a Turai da Amurka ake rataye naman sa a ɗakin sanyi mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin a kai shi kanti. Mu ba mu da wutar lantarkin da za ta riƙe haka, ba mu kuma yarda da kwantan nama ba. Maganin da mai tsire ya samo shi ne wuƙa: yana yanka falle-falle, siri-siri, yana gitta zaren tsokar maimakon ya bi tsawonsa. Duk haɗin da za a yi daga baya a kan wannan yankan ya dogara, domin in ka ɗebe gishiri, kusan babu abin da ke cikin kwanon tsuma nama da ke ratsawa ciki fiye da 'yan milimitoci.

A nan ɗanyar citta ke shigowa. Ruwanta yana ɗauke da wani inzayim, wato sinadari mai daddatse furotin, sunansa zinjiben, wanda masu binciken abinci suka bayyana a farkon shekarun 1970. Falalarsa ita ce yana cin kolajin sosai, daidai abin da ke damun naman shanunmu. A 2004 masu bincike a Indiya sun gwada ruwan citta da sinadarin gwanda a kan naman ɓauna mai tauri. Duka biyun sun tausasa shi, amma masu ɗanɗanawa sun fi yaba na cittar. Mai shakka yana iya gani da idonsa a gida. Ya matse ruwan ɗanyar citta wadda ta ƙosa, cokali ɗaya, a kofi, ya zuba madara mai zafi amma ba tafasasshiya ba, ya ƙyale ta. Za ta kama ta yi kauri, kamar yadda ganyen tumfafiya ke kama madara in za a yi cuku. Mutanen kudancin Sin har kayan zaƙi suke yi da wannan dabara. In kuwa aka fara tafasa ruwan cittar, madara tana nan tsululu, domin zafin da ya haura digiri 70 yana kashe inzayim ɗin.

Don haka garin citta ba ya maye gurbin ɗanya. In ta bushe ta daɗe a buhu, ƙarfin tausasawarta yana raguwa ƙwarai, amma yajinta yana ƙaruwa, saboda sinadarin jinjarol da ke cikinta yana rikiɗa ya koma shogawol, wanda ya kusa ninka shi zafi. Busasshiya ta daka yaji ce, ɗanya ta tsuma nama. Mutumin Kano ko Sakkwato sai ya nemi ɗanyar a kasuwa da kuɗinsa. Na Zangon Kataf da Jaba da Kachia da Kagarko a gonarsa take, ko Tafin Giwa mai kauri da rawayan ciki, ko Yatsun Biri mai siraran yatsu. Nijeriya ce kan gaba a noman citta a Afirka, kuma mafi yawanta daga nan take fita. Gaskiya bayan annobar ruɓewar da ta faɗa wa gonaki a damanar 2023, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabo, babu mai wasa da citta. Amma kilo ɗaya na nama ba ya neman fiye da gutsure biyu masu girman babban yatsa, kuma karyayyun da dillali zai ture gefe aikinsu ɗaya da na zaɓaɓɓu.

Ɗanyar gwanda ma tana wannan aiki, har ta fi ƙarfi. Farin ƙaron da ke fitowa in an karce ɓawonta yana ɗauke da fafayin, wanda da shi ake yin garin tausasa nama na kanti. Iyayenmu mata da ke naɗe nama a ganyen gwanda ba camfi suke yi ba. Abarba ma haka. Matsalarsu ba su san ya isa ba: in suka wuce awa ɗaya ko biyu a kan siririn yanka, sai bayan naman ya dame, ya yi wani laushi marar daɗi a baki. Kanwa ta wata hanya take bi, tana rage tsamin tsoka ta sa ta riƙe ruwa, amma ɗan fincike ake so, in ta zarce sai a ji ɗanɗanon sabulu. Sai kuma masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunyar nama don ya yi saurin laushi, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai saboda illarsa ga hanta da ƙoda. A ƙasar da gwanda ke tsirowa a bayan ɗaki, wannan ɗabi'a ba ta da ko uzurin talauci.

Gishiri shi ne mai shiga har ciki, sannu a hankali, yana sassauta furotin ɗin tsoka yadda nama zai riƙe ruwansa a kan wuta. Giram 10 zuwa 12 ya ishi kilo ɗaya, wato kamar ƙaramin cokali biyu a shafe. Mai sa dunƙule ya rage, don kusan rabin dunƙule shi ma gishiri ne. Tsami kuwa an ba shi girman da bai kai ba. Lemun tsami da ruwan kal a fatar nama suke tsayawa, in sun daɗe su mayar da bayan fari, su matse shi, ya fito daga wuta a bushe. Zinjiben ma ba ya aiki da kyau cikin tsami mai yawa. Ni dai a ganina lemun tsami gara ya jira a sauke nama, a matsa a kai. Kindirmo ne ya fita daban, tsaminsa mai sanyi ne, ba ya gaggawa. Da irinsa Indiyawa ke tsuma kazar tanderu ta kwana, kuma kazar gida wadda ta gama zagaye unguwa da ƙafarta ba abin da ya fi mata shi.

Ga haɗin kilo ɗaya na naman sa ko akuya: a gurza cittar a matse ruwan, a markaɗa albasa ɗaya da tafarnuwa huɗu, a sa gishirin, a daka masoro da kimba da kanumfari kaɗan, a zuba man gyaɗa babban cokali uku. Man ba ado ba ne, yawancin ƙamshin kayan yaji a cikin mai yake narkewa, shi ke manna shi a jikin nama. A cuɗa sosai da hannu, a rufe, a ba shi awa biyu zuwa huɗu a wuri mai sanyi na gaskiya, firji ko kula da ƙanƙara. In babu su, ƙa'idar masana tsaftar abinci ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya ma in zafi ya haura digiri 32. Sanyin safiyar Disamba a gindin dutsen Kagoro yana ruɗin mutum, amma bai kai na firji ba. Haɗin da ke da tsami kada a sa shi a kwanon alminiyam. Ruwan da ya rage a kwano bayan an kwashe nama kuwa ruwan ɗanyen nama ne, ko a zubar, ko a tafasa shi sosai kafin ya sake taɓa abin da za a ci.

Kafin a ɗora, a tsane naman. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, alhali jan nan mai ƙamshi da ake nema a gashi ba ya kankama sai wajen digiri 140, lokacin da furotin da ɗan sukarin da ke jikin nama suke haɗuwa. Wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan haɗuwa a 1912. Muddin bayan nama a jiƙe yake, turara shi kawai ake yi. A nan ake gane hikimar ƙuli-ƙuli. Garinsa busasshe ne, yana shanye danshin da ke saman nama, ga shi cike da furotin da ragowar mai, sai shi kansa ya gasu ya zama ɓawo mai ƙamshi. Da wannan dabarar mahautan Hausa suka shiga duniya, daga tsiren Legas da Kamaru zuwa cicingar Gana da agashen Sudan. Lura da mai tsire: sau biyu yake sa yaji, na farko da mai kafin wuta, na biyu mai barkono da busasshiyar citta bayan ya zare tsinke, domin barkonon da ya ƙone ɗaci yake yi. Sai dai a duba ƙuli-ƙulin. Wanda ya yi funfuna ko warin daɗewa a zubar da shi. Gubar afalatoksin da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, wutar gashi ba ta kashe ta.

Yanzu ga batun kwalba. A Amurka ma sos ɗin ba iri ɗaya ba ne. A gabashin Karolina ta Arewa ruwan kal ne da barkono, tsululu. A Karolina ta Kudu akwai mai mustad. Mai kauri mai zaƙi na tumatir da baƙin ruwan rake salon birnin Kansas ne, kuma irinsa ne ya cika kantuna. Juya kwalbar ka karanta, za ka tarar da sukari a sahun farko. Amurkawa kuma gashinsu na asali a nesa da wuta ake yi, a zafi kaɗan da hayaƙi na tsawon awanni, sos ɗin sai daga baya. Namu a kan garwashi kai tsaye yake. Sukarin da ke cikin zuma tun wajen digiri 110 yake fara ja, na leda wajen 160, garwashi kuwa ya wuce nan nesa ba kusa ba. Wanda ya shafa tun farko ya ƙona alewa ne a bayan nama ɗanye.

Babu abin da ke cikin wannan kwalba da kasuwar Samaru ko ta Kafanchan ba ta da madadinsa. A soya albasa a man gyaɗa har ta yi laushi, a sa tumatirin gwangwani ƙarami ɗaya a soya shi har ɗanyen tsaminsa ya tafi, a zuba ruwan tsamiya mai kauri rabin kofi, a narka mazarƙwaila a ciki ko a sa zuma babban cokali uku, sai attaruhu da tafarnuwa da citta. A nan ko busasshiya ta yi, tunda ɗanɗano kawai ake nema. Abin da nake ganin ya fi ɗaga haɗin shi ne daddawa, 'yar kaɗan a daka. Turawa sos ɗin Wusta na Ingila suke ɗigawa don samun wannan zurfin ɗanɗano, shi kuwa da tsumammen kifi da tsamiya ake haɗa shi. Daddawar ɗorawa tana biyan wannan buƙata. A bar haɗin a wuta kaɗan minti 15 zuwa 20, ana juyawa, har ya kama bayan cokali.

A jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin toka, musamman in da kananzir ko leda aka hura shi. Kitsen da ke ɗiga a wuta yana ta da hayaƙi mai sinadaran da likitoci ke dangantawa da cutar daji, haka ma baƙin ƙonewa, don haka a rage kitse, a riƙa juyawa, inda ya ƙone a yanke a yar. Sai nama ya nuna, saura kamar minti biyar, a ja shi gefen wuta inda zafi ya yi sauƙi, a shafa sos ɗin, a juya, a sake shafawa sau ɗaya. Sauran a zuba a kwano don masu dangwala. A firji sos ɗin yana yin mako guda. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a yi daidai na ranar.